Darasi na Bakwai: Sayen Lasifika da Makirufo Daidai da Aljihun Mawaƙi

Wannan darasi na mawaƙin da ke aiki shi kaɗai ne: mai gurmi, mai garaya, ko mai bege da ake gayyata walima da suna a garuruwan Sudan irin su Mai Wurno, Sinnar, Gadarif ko Kasala. Taronsa bai cika wuce mutum ɗari ba, a tsakar gida ko cikin siwan, wato rumfar taro, da aka kafa a ƙofar gida. Ɗan'uwa, idan kai ne, abu huɗu sun ishe ka: lasifika, makirufo, wayar jona makirufo, da sandar ɗora lasifika. Kayan da ba za ka iya ɗauka kai kaɗai ka sa a raksha, wato keke mai ƙafa uku, ba, sun fi ƙarfin aikinka.

Lasifika ce ke cin mafi yawan kuɗi. Akwai wadda amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ke cikinta, ita kanta ake jona wa wuta. Akwai kuma wadda sai ka sayi amfilifaya dabam. Ɗauki ta farko. Faɗin bakinta da inci ake aunawa, kuma mai inci 10 ko 12 ta wadatar ga murya da gurmi. Mai inci 15 nauyi kawai za ta ƙara maka.

A nan ne karatunka zai yi maka rana. A jikin kwali za ka ga lamba ƙatuwa, kamar 3000W. Harafin W yana nufin wat, wato ma'aunin ƙarfi. Kada lambar ta ruɗe ka, duba haruffan da ke kusa da ita. Idan ka ga PMPO, lambar talla ce, ba ta gaya maka komai. Wadda ake dogara da ita ita ce mai RMS, domin ita ce ƙarfin da lasifika ke iya riƙewa tana aiki. Sau da yawa a bayan lasifika take, da ƙananan haruffa. Ka kuma sani ninka wat sau biyu ba ya ninka ƙara sau biyu. Sai an ninka kusan sau goma kunne ke jin ta ninku. Saboda haka kada ka ci bashi don ka tashi daga wat 100 zuwa 200.

Kada ka biya sai ka gwada. Mai shago zai so ya kunna maka waƙa daga wayarsa, amma ba wannan ka zo saya ba. Je da gurminka da wani abokinka. Murɗa maɓallin da aka rubuta VOL ya wuce rabi, ka rera baiti biyu, shi kuma ya ja da baya taku ashirin. Tambaye shi abu ɗaya: yana jin kalmominka ɗaya bayan ɗaya? Idan muryar ta dishe ko tana tsatsage, ajiye ta, komai kyan fitilunta.

Makirufo kuwa, nemi irin da ake kira dainamik. Ba ya buƙatar batir, yana jure faɗuwa da zafi. Sanannensa shi ne Shure SM58, wanda ake yi tun 1966, sai dai jabunsa sun yi yawa a kasuwa. Idan an sa maka kuɗi ƙasa ƙwarai, ka yi shakka. Mai rahusa na gaskiya ya fi jabu mai babban suna. Mai kaɗa gurmi yana buƙatar biyu, ɗaya a baki ɗaya a gurmi, don haka ka tabbata lasifikar tana da ramuka biyu, MIC 1 da MIC 2. Waya mai haƙora uku, wadda ake kira XLR, ta fi rage gunjin nan da ke shiga sauti. Sayi ƙarin ɗaya a kan yawan makirufonka ka ajiye ta. Makirufo marar waya mai arha ban ba ka shawararsa ba, yana yanke murya a tsakiyar baiti.

Wutar Sudan bolt 230 ce. Idan ɗan'uwa ya aiko maka da kaya daga waje, karanta bayansu kafin ka jona. Wanda aka rubuta wa 110V kaɗai zai ƙone nan take. Tunda wuta na yawan ɗaukewa, lasifika mai batir a ciki tana da amfani, amma ka yi mata caji da zarar ka dawo gida, domin batirin da aka bari babu caji cikin zafi saurin mutuwa yake. In da janareta za a yi aiki, bari ya daidaita tukuna, ka rage VOL gaba ɗaya, sannan ka kunna. Ranar habub, wato guguwar ƙura, kuma ka lulluɓe kayanka da zane.

Na taɓa zama a wata walima inda mai bege ya ajiye sabuwar lasifikarsa a ƙasa, a bayansa. Da ya buɗe baki sai ta ɗauki fito mai huda kunne, tsofaffi suka toshe kunnuwa, yara suka watse. Na ji masa zafi sosai, don muryarsa mai daɗi ce, kayansa kuma lafiyarsu ƙalau. Makirufo ne ke jin lasifika yana mayar mata da sautinta. Wani saurayi ya ɗauke ta ya ɗora kan tebur a gaban mai begen, bakinta na kallon jama'a, fiton ya tsaya. Kai ma haka za ka yi: ta kasance gabanka, sama da kawunan mutane, makirufo kuma kusa da bakinka, ba tare da ka rufe kansa da tafin hannu ba.

Aikin gida: nemi lasifika a masallacin unguwa ko wajen maƙwabci, ka nemi izini ka juya bayanta. Kwafi lambar da ke kusa da W da wadda ke kusa da V a littafinka. Duba ko akwai RMS. Ka zo da abin da ka rubuta aji mai zuwa, mu karanta tare.