Babi na Shida: Gane Irin Ɗan Tsako da Sanin Mace ko Namiji

Darasi na 1: A fara sanin iri

Ɗan tsako shi ne kazar da ba ta daɗe da fitowa daga ƙwai ba. Da yawa daga cikin 'yan kwana ɗaya da ake sayarwa a Kaduna daga wuraren ƙyanƙyasa na Ibadan ake kawo su cikin kwali, kwali ɗaya kuma yakan ɗauki guda 50. Kafin ku tambayi ko mace ce ko namiji ne, ku fara tambayar irinsa, domin alamar da take aiki a wani iri ba ta aiki a wani.

Akwai buroila, wato kazar nama, wadda take isa yanka cikin mako 6 zuwa 8. Akwai kazar ƙwai, irin ISA Brown da kuma ShikaBrown wadda cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, kusa da Zariya, ta samar. Waɗannan sukan fara ƙwai a wajen mako 18 zuwa 20. Akwai Noiler, mai launi iri-iri, wadda ake kiwo don nama da ƙwai. Sai kajinmu na gida.

Ga inda ɗalibai suka fi tuntuɓe, don haka ku natsu. Ɗan tsakon buroila fari ne mai ɗan ruwan ɗorawa, namijin kazar ƙwai mai ruwan ƙasa shi ma haka launinsa yake, amma shi sai ya yi watanni yana cin abinci kafin ya yi naman kirki, kuɗinsa kuma bai kai na buroila ba. Saboda haka, idan kun ga farin ɗan tsako, kada ku ce buroila ne tukuna. Ku ɗora shi a tafin hannu, ku dubi ƙafafunsa. Ƙafar buroila tana da kauri, ƙirjinsa yana da faɗi, kuma za ku ji nauyinsa. Ƙafar ɗan zakaran siririya ce, jikinsa ba nauyi, ga shi da yawan tsalle.

Mu sake. Ku ɗora shi a tafin hannu. Ku dubi ƙafa, ku taɓa ƙirji, ku ji nauyi. Idan ba ku gane ba da farko, ba laifi, ku ɗauki biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ku gwada su tare, sannu a hankali ido zai saba. Amma ina jan kunnenku, iyayena da 'yan uwana: na sha ganin wanda aka koya masa wannan a aji, ya je kasuwa ya ji araha, ya biya kuɗi bai ko buɗe kwalin ba, sai bayan mako 3 ya dawo yana cewa kajinsa sun ƙi girma. Wannan sakaci ne. Ku buɗe kwali, ku dubi ƙafa kafin ku biya.

Darasi na 2: Sanin mace ko namiji ta launi

A kazar ƙwai irin ISA Brown, macen tana fitowa da launin ja mai ruwan ƙasa, namijin kuwa fari. A baƙar kazar ƙwai ta gidan gona, dukansu baƙaƙe ne, sai dai namijin yana da farin ɗigo a tsakiyar kansa. Wannan hanya ba ta aiki a Noiler ko kajin gida, shi ya sa muka ce a fara sanin iri. Farin namijin ISA Brown ɗin nan shi ne wanda ake rikita shi da buroila, don haka ku sake duba ƙafarsa.

Darasi na 3: Gashin fiffike

Cikin kwana 3 na farko, ku buɗe fiffike a hankali, kada ku ja shi. Idan gashin bakin fiffiken ya fito dogo da gajere, mace ce. Idan tsawonsu ɗaya, namiji ne. Wannan sai a irin da aka samar musamman don haka. Duba ta dubura kuwa aikin ƙwararru ne, wanda bai iya ba yana iya kashe ɗan tsakon.

Darasi na 4: Kajin gida da Noiler

Ku jira mako 4 zuwa 6. Zankon namiji yakan riga girma ya yi ja, ƙafarsa ta fi kauri. Na mace ƙarami ne, bai cika ja ba.

Aikin gida: kowa ya duba 'yan tsaki 5, ya rubuta irinsu da kaurin ƙafarsu a littafinsa, ya kawo aji.