Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Hasashen Yaɗuwar Lakar Yasa a Teku

Idan aka yashe tashar jiragen ruwa, jirgin dako ne ke kwashe lakar ya kai ta can cikin teku ya buɗe cikinsa ya zubar. Kafin a ba da izini, ana so a san inda ruwan zai dame, da tsawon lokacin da zai yi a haka. Manhajoji irin su STFATE ta injiniyoyin sojan Amurka, da Delft3D da MIKE 21, su ake sa wa wannan lissafi. Sai dai abin da ka ba manhaja shi za ta dawo maka da shi.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗaukar laka duk a matsayin abu ɗaya. A lissafin Stokes, wato ƙa'idar da ke nuna saurin nutsewar ƙwaya a ruwa, idan kaurin ƙwaya ya ragu sau 10, saurin nutsewarta yakan ragu sau 100. Rairayi mai kaurin milimita 0.1 zai kai ƙasan ruwa mai zurfin mita 10 cikin kusan minti 20, amma ƙwaya mai milimita 0.01 sai ta haura kwana guda tana yawo. Ga kuma yumɓu da nasa halin: a ruwan gishiri ƙwayoyinsa na cuɗewa su dunƙule, su nutse da sauri fiye da yadda lissafin ya nuna. Gyaran shi ne a ɗebo lakar wurin a tantance ta, a raba ta gida uku ko huɗu, a auna saurin nutsewar kowanne a cikin ruwan wurin.

Wani kuma sai ya zuba dukkan lodin a saman ruwa cikin manhajar. Tun 1973 masu bincike Koh da Chang suka bayyana cewa lodin yakan faɗa a dunƙule, ya bugi ƙasa ya baje, sannan ruwa ya ɗebi abin da ya rage yana shawagi. Ɗan kaɗan ne ke ɓallewa a hanya. A lissafa faɗuwar daban, a miƙa sakamakon ga babbar manhajar da ke lissafin yaɗuwar lakar a teku. A kula da ragar da aka shimfiɗa a taswira ma, wato ƙananan gidajen da manhaja ke raba teku a cikinsu don lissafi, domin idan idonta ya yi faɗi, lissafi kawai zai tsinka lakar, ruwa ya fito fes a takarda alhali a dame yake.

Kwana biyu ba sa isa gwaji. A rufe aƙalla kwana 15, daga babbar cikar teku zuwa ƙaramarta har babbar ta sake dawowa, a saka lokacin guguwa, saboda igiya na tayar da lakar da ta riga ta kwanta.

Na'urar auna duhun ruwa da ma'aunin da ake kira NTU take ba da sakamako, manhaja kuwa da miligiram na laka a lita. Babu ƙa'ida ɗaya ta juya wannan zuwa wancan, sai an gwada da ruwan wurin. A kuma auna yadda ruwan yake tun kafin a fara aiki.

Ina roƙon masu rahoto su daina tsayawa kan adadin laka mafi girma a ruwa kaɗai. Ciyawar teku da murjani kan jure duhun 'yan sa'o'i, makonni babu haske ne ke kashe su. A nuna kwana nawa hasken da ke isa ƙasa ya gaza musu. Idan kuma ana zargin guba a lakar, a girgiza kashi 1 nata da kashi 4 na ruwan wurin, a auna abin da ya narke da iskar oksijin da ta ragu.