Okid ɗin ƙasa: kurakuran da ke kashe Spathoglottis plicata da yadda ake gyara su

Yawancin furannin okid a jikin itace suke maƙalewa, amma Spathoglottis plicata a ƙasa take tsiro. Asalinta daga Indiya zuwa Filifin, Indunusiya da arewacin Ostireliya ne, ganyenta dogo mai ninki-ninki kamar na dashen kwakwa, furenta shunayya ko fari a kan kara mai iya kai mita 1. Ba ta da wuyar reno, sai dai sunan "okid ɗin ƙasa" yana ruɗar mutane su yi mata shukar albasa.

Kuskure mafi kisa shi ne binne ƙullutun. A gindin kowane tsiro akwai ƙullutu mai adana ruwa da abinci, kuma daga gefensa sabon toho ke fitowa. In aka rufe shi ruf da ƙasa, danshi yakan taru a wuyansa, ganyen tsakiya ya yi rawaya, in ka ja shi ya zare ba wuya, gindin baƙi yana wari. Saiwa kawai ake binnewa. Rabin ƙullutun na sama ya kasance a fili. Idan ruɓewa ta riga ta fara, tono shukar, yanke ruɓaɓɓen wurin har ka iske nama mai tauri, bar ta a inuwa kwana 1 zuwa 2 ciwon ya bushe, sannan ka dasa a sabuwar ƙasa.

Ƙasar ita ma abin dubawa ce. Laka tana riƙe ruwa ta shaƙe saiwa, ɓawon itace zalla irin na okid ɗin bishiya kuwa ya bushe kafin a juya. Haɗa kashi 2 na ƙasa mai laushi da ta sha ruɓaɓɓen ganye, kashi 1 na yashi mai tsakuwa, kashi 1 na yankakken ɓawon kwakwa ko gutsattsarin gawayi. Ɓawon kwakwa a jiƙa shi a sauya ruwa sau da yawa, don yakan zo da gishiri. Tukunya ta zama mai zurfin santimita 25 zuwa 30 da huda a gindi, domin saiwar ƙasa take nufa. A lambu, ɗaga kunya kamar santimita 15. Gwaji mai sauƙi: zuba ruwa, in ya kwanta a sama fiye da minti ɗaya, haɗin ya yi nauyi.

Ban-ruwa ba na agogo ba ne. Cusa yatsa zuwa gaɓa ta farko. In da sanyi a bari, in ya bushe a shayar har ruwa ya fito ta ƙasa, da safe, a gindi ba a kan ganye ba. Ganyen da ya kwana a jiƙe shi ke yin ɗigo-ɗigon baƙi na fumfuna.

Mai kukan "ganye ya yi kyau amma babu fure" kusan kullum inuwa ce ta yi masa yawa. Shukar tana son ranar hantsi ta awa 4 zuwa 5, da kariya daga ranar azahar. Kada a fitar da ita daga inuwa zuwa rana kai tsaye, ganye zai ƙone. A riƙa matsar da ita cikin mako 2. Sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 10 na ma'aunin Selsiyas ma yana tsayar da ita.

Taki kaɗan-kaɗan ya fi: rabin ma'aunin da aka rubuta a kwali, duk mako 2 lokacin da take toho. Bakin ganye ya ƙone, ga farin gishiri a leɓen tukunya, to an zarce. A ɗauraye ƙasar da ruwa mai yawa.

Wajen rabawa, haɗama ce ke jawo asara. Ƙullutu ɗaya tilo yakan daɗe bai farfaɗo ba, don haka kowane rabo ya ƙunshi aƙalla 3 da sabon toho. A ƙona bakin wuƙa kafin a koma kan wata shukar, saboda cutar bairus ta wuƙa take bi, kuma ba ta da magani.

Kwanson iri kuwa a cire shi tun yana kore. Furen kan yi barbara da kansa, kwanson ya zuƙe ƙarfin shukar, in ya fashe iska ta kwashi irin kamar ƙura. Haka ta bazu a dajin Hawai da Fotoriko. In karan ya gama fure, yanke shi daga tushe.