Babi na 6: Sauya Injin A-kori-kura Daga Fetur Zuwa Dizal

Assalamu alaikum 'yan uwa ɗalibai. Wannan babi na direbobi ne da masu mota da yaran gareji da ke zuwa ajinmu na yamma a nan Katsina, musamman masu ɗaukar kaya da a-kori-kura zuwa kasuwannin Mashi da Mai'aduwa da Caranci. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 tambayar nan ba ta yanke ba: "Malam, in mayar da motata dizal?" Karanta a hankali, ka ɗora yatsa a kan layi. In ka sami kalmar da ta yi maka wuya, tambayi na kusa da kai, ba abin kunya ba ne. Duk inda ka ga "dizal", man nan ne da muke kira gas a gidan mai, ba iskar gas ta girki ba.

Darasi na 1: Abin da ake canzawa

Ba a mayar da injin fetur ya koma na dizal. Cire shi ake yi gaba ɗaya a sa wani. Injin fetur da fulogi yake kunna mai. Na dizal ba shi da fulogin wuta, matse iska yake yi wajen sau 20 har ta yi zafi, sai nozul ya feso mai ya kama da kansa. Shi ya sa ya fi nauyi, ya fi ƙara, ya kuma fi jan kaya a ƙaramin gudu.

Kafin ka taɓa aljihu, ɗauki biro. Rubuta kuɗin litar fetur na yau. A ƙarƙashinsa rubuta kuɗin litar dizal. Sau da yawa dizal ya fi tsada a lita, sai dai ya fi auki a hanya. Mai zuwa Daura ko Kano da buhunan hatsi kusan kullum zai iya mayar da kuɗinsa. Wanda motarsa ba ta wuce Ƙofar Ƙaura zuwa babbar kasuwa, shawarata ya bar injinsa ya gyara kafireta.

Darasi na 2: Karanta jikin inji kafin ka biya

Ko a Katsina ka samu, ko ka je Ƙofar Ruwa a Kano, kada ka sayi inji da baki. Kowane inji yana da suna a rubuce. Na Toyota Hilux masu dizal na da, sunayensu 2L da 3L da 5L. Lamba ce a gaba, harafin L a baya. Rubuta su a littafinka sau uku. Wajen girman inji, 2L lita 2.4 ne, 3L lita 2.8, 5L lita 3.0. Waɗannan su na fi so wa mai koyo, don famfon injektansu, wato famfon da ke tura mai zuwa nozul, ba ya neman kwamfuta, kuma bakanikenmu ya san su. In ka ga 1KD ko 2KD, na zamani ne, ba sa tashi sai da kwamfutarsu da wayoyinsu.

Bayan sunan akwai doguwar lamba da aka buga a jikin ƙarfen injin. Goge wurin da tsumma da ɗan kananzir, ka haska da fitilar waya. Kwafe ta ɗaya bayan ɗaya, daga hagu zuwa dama. Sannan ka duba rasit: lambar da mai shago ya rubuta ita ce ta jikin injin? In ko lamba ɗaya ta bambanta, a sake rasit. In hali ya yi, sayi injin tare da giyabos ɗinsa da kik da altaneta, ka huta da walda da ƙirƙire-ƙirƙire.

Darasi na 3: Tanki da tiyo

A sauke tanki ƙasa, a zubar da duk fetur ɗin da ke ciki, a wanke, a bar shi ya bushe a inuwa. Babu sigari, babu walda kusa da shi, don tankin da babu mai a cikinsa yana riƙe da tururin fetur, kuma shi ne ke fashewa. In akwai famfon fetur mai lantarki a cikin tankin, a cire. Dizal tiyo biyu yake so: ɗaya ya kai mai inji, ɗaya ya dawo da ragowa tanki. Ɗaura jan zare a na zuwa, baƙi a na dawowa. A sa filta irin ta dizal, mai tara ruwa a gindinta, mai ɗan famfon hannu a kanta. Riƙe famfon nan a ranka, yanzu za mu dawo kansa.

Darasi na 4: Fitar da iska

Nan ne mafi yawanku ke faɗuwa, don haka nan za mu daɗe. An ɗora inji, an zuba mai, an murza makulli, inji na juyawa amma ya ƙi kamawa. Sai hankali ya tashi, a ce an sayar mana da mataccen inji. Mafi yawan lokuta lafiyarsa ƙalau, iska ce a cikin tiyo. Famfon injekta mai yake turawa. In iska ta shiga, matsewa kawai take yi, mai ba ya isa nozul.

Ga yadda ake yi. Zuba dizal mai yawa a tanki, kada ya gaza lita 10. Duba kan filta. Wasu suna da ƙaramin noti na fitar da iska, wasu ba su da shi, sai a sassauta tiyon da ya fita daga filta zuwa famfon injekta. Sassauta kawai, kada ka cire. Yanzu danna famfon hannu da tafinka, ka saki, ka danna, ka saki. Da farko ba za ka ga komai ba, za ka ji famfon sakwa-sakwa. Ci gaba. Daga nan za ka ji "fus, fus". Ci gaba. Sai farin kumfa ya ɓullo kamar na sabulu. To a nan ake kuskure. Mutum na ganin jiƙa sai ya ce mai ya zo, ya ɗaure noti. Kumfa ba mai ba ne, iska ce haɗe da mai. Ci gaba da dannawa har ka ga mai garau yana zuba, babu ko ƙwayar kumfa ɗaya. Sannan ka ɗaure, kuma ka ɗaure mai yana cikin zuba, hannu ɗaya na kan famfo, ɗaya na kan sifana. In ka saki famfo kafin ka ɗaure, iska ta koma, aikin ya dawo sabo.

Mu maimaita tare da ƙarfi: sassauta, danna, jira kumfa ya ƙare, ɗaure mai yana zuba. Rubuta su a littafinka, kowace a layinta. Madalla. Wanda hannunsa ke rawa da biro ya yi a sannu, duk haka muka fara.

Bayan ka ɗaure, ƙara danna famfon har ya yi tauri a hannunka. In ya ƙi tauri, akwai inda iska ke shiga: tiyo ya tsage ko kilif bai kama ba. Nemo wurin tukuna.

Saura rabin aikin. Bututun ƙarfe huɗu ne suka tashi daga famfon injekta zuwa nozul huɗu. Sassauta notin biyu daga cikinsu a wajen nozul, zagaye ɗaya ya isa, yawanci sifana mai lamba 17 ce. Wani ya shiga mota, giya tana furi, ya ba da kik yana ƙirga ɗaya zuwa goma, ya saki. A huta kamar rabin minti. Kai kuma zuba ido a kan notin. Ido na ce, ban ce yatsa ba. Man da ke fitowa nan yana da ƙarfin huda fata, kuma in ya shiga jiki sai asibiti. Kumfa zai fara fitowa. Me muka ce game da kumfa? A jira. In mai ya fara tsartuwa tsab, a ɗaure, a ba da kik. Inji zai yi tari, ya girgiza, ya yi hayaƙi, sannan ya daidaita.

Yanzu bari in yi muku faɗa, ku yi haƙuri, wasunku sun girme ni. Na ga magidanci ya danne makulli ya ƙi saki har kik ya yi wari, batir ya mutu, ya dawo yana zagin mai inji. Na ga wanda ya tsiyaya fetur a bakin iska wai don ya kama da wuri. Wannan ganganci ne, yana iya lalata injin da ka sayar da shanu ka saya. Sau nawa za a faɗa? Inda kumfa bai ƙare ba, ko ka kwana kana kik ba zai tashi ba. Kuma ba ranar ɗora inji kaɗai ake wannan ba. Duk ranar da ka canza filta, ko mai ya ƙare maka a hanyar Jibiya, sai ka sake: sassauta, danna, jira kumfa ya ƙare, ɗaure mai yana zuba.

Darasi na 5: Birki

Wannan maganar rai ce. Injin fetur da kansa yake zuƙar iskar da ke sa birki laushi. Na dizal ba ya yi, sai da ɗan famfo na musamman, wanda a injinan L yake manne a bayan altaneta. Tabbatar tiyonsa ya haɗu da tukunyar birki. Gwaji: inji a kashe, taka birki sau biyar har ya yi tauri, riƙe ƙafarka a kai, tada inji. In feda ta ɗan nutse, lafiya. In ta tsaya ƙyam, kada motar ta fita titi.

Darasi na 6: Batir da hita

Dizal na son babban batir. Duba lambar da ke gaban haruffan AH, wadda ta fi girma ta fi ƙarfi. Mai rewaya ya haɗa hita, wato 'yan ƙarafan da ke ɗumama cikin inji kafin a tada shi, da wayar kashe inji. Da safe, musamman da hunturu, murza makulli rabi, jira fitilar hita ta mutu, sannan ka ba da kik. A duba lagireto da sifirin gaba, don injin ya fi na da nauyi.

Darasi na 7: Takardu

Lambar inji ta canza. Ɗauki rasit da takardun mota ka je ofishin lasisi a gyara, kafin jami'an VIO su tare ka.

Darasi na 8: A gidan mai

PMS fetur ne. AGO dizal ne. Rubuta AGO da fenti kusa da murfin tanki.

Aikin gida: kwafo lambar injin motar da kake aiki da ita. Rubuta matakai huɗu na fitar da iska ba tare da ka duba littafi ba, ka kawo ranar Asabar.