Yadda za ku sa yara su koyi kimiyya da hannunsu, a gida da wajen yawo

Abu mafi wahala a wannan harkar shi ne riƙe baki, kayan aiki kam ba matsala ba ne. Yaro zai tambaye ka "Baba me ya sa ƙwai yake nutsewa a ruwa?" sai ka ji amsa tana cin ka, ko in ba ka sani ba ka zaro waya ka karanto masa, ya ce to, shikenan magana ta mutu, gobe in ka tambaye shi ko kalma ɗaya ba zai tuna ba. Dan Allah a daure. A mayar masa da tambayar, a ce kai me kake gani, ya faɗi hasashensa ko da shirme ne, a rubuta, sannan a gwada. Duk abin da zan lissafo a ƙasa a kan wannan tsarin yake tafiya.

Ku fara da ƙwan tunda shi ya fi sauƙi. Kofin gilas, ruwa, ɗanyen ƙwai, gishiri da cokali. A saka ƙwan, zai tafi ƙasa. Sai a tambayi yaron cokali nawa na gishiri yake ganin za a zuba kafin ya taso, ya faɗa, sannan shi da kansa ya dinga zubawa cokali ɗaya-ɗaya yana juyawa har ya narke yana ƙirgawa. Akwai lokacin da ƙwan zai ɗago ya tsaya a tsaye a gindin kofin kamar mai shawara, wannan wajen yara suke fara ihu, kar ku yi sauri ku wuce shi. Bayanin kuwa a ƙarshe yake zuwa: gishirin ya ƙara wa ruwan nauyi, kofi ɗaya na ruwan gishiri ya fi kofi ɗaya na ruwan daɗi nauyi, da ruwa daidai girman ƙwan ya fi ƙwan nauyi sai ya ɗaga shi. Shi ya sa a Tekun Gishiri da ke gefen ƙasar Jodan mutum yake kwanciya a saman ruwa bai nutse ba, gishirinsa ya kusa ninka na sauran tekuna sau 10.

Gwajin da na fi so, kuma wanda a ganina ya fi koyar da tunani, shi ne na tsiron wake. A samu kwalba uku masu haske, a cusa tishu ko auduga a ciki, a saƙala ƙwayar wake tsakanin tishun da jikin kwalbar yadda za a dinga ganinta. Ta farko a jiƙa a ajiye kusa da taga. Ta biyu a jiƙa a saka cikin kabad mai duhu. Ta uku a bar ta a bushe a ajiye kusa da ta farko. Kun lura kowace kwalba abu ɗaya tak ya bambanta ta da ta farko, ko haske ko ruwa, kuma wannan ita ce ƙa'idar da nake so yaro ya tashi da ita, in ka canza abu biyu a lokaci guda ba za ka san wanne ne ya yi aikin ba. Yara sukan rantse ta cikin duhu ba za ta tsiro ba. Za ta tsiro, har ma sau da yawa ta fi ta taga tsayi, sai dai za ta fito siririya fara-fara mai ratsin rawaya saboda tana ta miƙewa neman haske, ƙwayar tana da guzurin abincinta a ciki da zai kai ta wani lokaci, amma koren ganye sai da haske. Saiwa ce take fara fitowa kuma ƙasa take nufa, in ta ɗan yi tsayi ku kwantar da kwalbar a gefe ku ba ta kwana biyu, za ku ga saiwar ta lanƙwasa ta sake nufar ƙasa. A ba yaro rula ya dinga aunawa kullum yana rubutawa yana zanawa. Ruwa kuma damshi ake so, in kuka cika shi waken ruɓewa zai yi, in ma ya ruɓe kar a ɓoye a sake wani a asirce, a nuna masa a tambaye shi me yake ganin ya jawo.

Na inuwa ba ya buƙatar komai sai sanda da tsakuwa. A kafa sandar a fili da safe, duk awa ɗaya yaro ya je ya ajiye tsakuwa a ƙarshen inuwar, zuwa yamma zai ga yadda ta gajarce da tsakar rana ta sake tsawo ta ɗaya ɓangaren. In yaron ya ɗan tasa ku ba shi labarin Eratostenis, Bagirike da ya zauna a Iskandariyya ta Masar fiye da shekara 2,200 da suka wuce, da irin wannan inuwar ya lissafa kewayen duniya. Ya ga ranar da rana take tsaye cak a garin da yanzu ake kira Aswan, a Iskandariyya inuwa tana karkacewa da kusan digiri 7, wato kashi ɗaya cikin 50 na da'ira, sai ya ninka nisan garuruwan biyu sau 50. Kewayen duniya dai kimanin kilomita 40,000 ne.

Akwai kuma na kwalin takalmi, a huda ƙaramin rami da allura a gefe ɗaya, ɗaya gefen a yanke taga a manna farar takarda mara kauri da aka ɗan shafa wa mai, a saita ramin wajen taga mai haske ko fitila, yaro ya lulluɓe kansa da kwalin da zane ya kalli takardar. Hoton zai fito kai a ƙasa, saboda haske a miƙe yake tafiya, na sama ya ratsa ramin ya sauka ƙasa, na ƙasa ya hau sama. Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya yi bayanin wannan. Amma fa ko da wasa kar a bari yaro ya kalli rana kai tsaye, da kwali ko ba kwali.

Na kumfa kowa ya sani, ruwan khal a gora, bekin soda a cikin balan-balan, a ɗaura a bakin gorar a zazzage, iskar kabon dayoksaid ta hura shi. Yana da daɗin kallo, gaskiya dai koyon da ke ciki kaɗan ne sai in an auna, misali cokali ɗaya da cokali biyu wanne ya fi hura shi. Kar a rufe gorar da murfi tana kumfa, kuma kar a taɓa haɗa khal da bilic, iska mai guba yake fitarwa. Ƙananan maganaɗisu da batiran nan masu kama da maɓalli a nisanta su da ƙananan yara, haɗiye su hatsari ne babba.

Yanzu maganar fita. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a kwashi yara a je gidan namun daji ko gidan tarihi a ce sai an ga komai tunda an biya kuɗin shiga, a yi ta jan su daga keji zuwa keji ana hoto, a dawo kowa ya gaji yana ƙunci. Ku tafi da tambaya ɗaya kawai. A gidan namun daji misali, a ce yau idanu za mu duba, wace dabba ce idonta yake gaba, wacce ce nata yake gefe. Da kansa zai gano zaki da kura nasu a gaba, barewa da jakin dawa a gefe, daga nan sai ku tambaye shi wa yake farauta wa ake farauta, mai farauta yana buƙatar auna nisa, wanda ake bi kuma yana buƙatar ganin ko'ina. A gidan tarihi ya zaɓi abu uku kacal ya zana su ya faɗi da me aka yi su. In ya tsaya wajen abu ɗaya minti ashirin ku bar shi, ai abin da aka zo yi kenan.

Kuma ba dole sai inda ake biyan kuɗi ba. Lambu, bakin rafi, gona, wajen kafinta ko bakanike in sun yarda, duk sun isa. A tafi da ƙaramin littafi, fensir, leda da ruwan sha. A ƙirga ƙafafun ƙwari, tururuwa shida gizo-gizo takwas. A ɗaure farar leda a reshe mai ganye da isowa, lokacin tafiya a dawo a ga ruwa ya taru a ciki, daga ganyen ya fito. Da daddare ma fita ce, ko a ƙofar gida, yaro ya dinga zana wata kullum har ya zagayo, kwana 29 da rabi yake ɗauka, kuma zai lura fitowarsa tana jinkiri da kusan minti 50 kowace rana. In ana hadari, daga cikin ɗaki fa, ya ƙirga sakan tsakanin walƙiya da tsawa, duk sakan 3 kusan kilomita ɗaya ne.

In an dawo gida kar a yi masa jarrabawa. A ce je ka faɗa wa Mama ko yayarka abin da ka gani, wajen bayanin za ku ji inda ya gane da inda ya rikice, inda ya rikicen nan shi ne gwajin mako mai zuwa. Haka in makaranta ta ba shi aikin kimiyya ya kawo gida, ku riƙe masa almakashi da wuƙa da duk abin da ya shafi wuta, amma rubutu da manne-manne da zane nasa ne, ko da kwalin ya fito a karkace, malamai suna gane aikin da babba ya yi tun daga nesa. Ɗan shekara huɗu ko biyar minti goma ya ishe shi, da ya fara wasa da cokalin ku tattara, wanda ya kai goma kuwa a bar shi ya tsara gwajinsa da kansa, ku dai ku duba kayan da zai taɓa kafin ya fara.