Yadda za ka gwada wasan bidiyo kafin ka zuba kuɗinka

Duk wanda ya jima yana riƙe manet, wato abin da ake dannawa a buga wasan bidiyo, a Damagaram ya san wannan takaicin. A tara kuɗi, a sayo faifai mai kwalin kwalliya, a kai fada a kunna, kafin a sauke shayi na biyu kowa ya gane an yi asara. Abin da ke yaudarar mu shi ne suna. Sunan wasa ɗaya ne a na'urorin PS5 da PS4 da Switch da PSP, amma abin da ke ciki daban-daban ne, kuma wanda ake nunawa a talla kusan kullum na babbar na'ura ne. Kai kuwa na na'urar da ke ɗakinka za ka saya, da irin rezonmu da irin wutarmu. Ga yadda za ka auna shi tun kuɗin suna aljihunka.

Mataki na farko: haɗa shekarar wasan da shekarar na'urarka

Idan wasa sabo ne fil, na'urarka kuma ta tsufa, ka yi hattara. Cyberpunk 2077 ya fito a watan Disamba na 2020, bayan kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Folan ya kwashe shekaru yana zuga shi. A kwamfuta mai ƙarfi ya yi kyau. A PS4, wadda ta fito tun 2013, sai hoto ya riƙa tsinkewa, motoci na ɓullowa daga sama, wasan na mutuwa ana tsakiyar yi. Abin ya kai Sony ta cire shi daga shagonta na intanet, ta mayar wa mutane kuɗinsu, bai koma ba sai watan Yuni na 2021. An gyara shi daga baya, gaskiya ne, amma babban gyaran da aka yi a 2023 bai zo wa PS4 ba sam. Wanda ya ji ana yabonsa yau ya je ya sayo tsohon faifan PS4, yabon wani wasan ya ji.

A wajenmu ƙwallo ce ta fi cin kasuwa, kuma nan ne aka fi shan mutane. Riƙe waɗannan a ka: na ƙarshe da kamfanoni suka yi wa PS2 su ne PES 2014 da FIFA 14. Na ƙarshe a PS3 kuwa PES 2018 da FIFA 19. Saboda haka duk faifan PS2 da ka gani an buga masa shekarar bana da hoton Mbappé a rigar Real Madrid, ba daga Konami, kamfanin da ke yin PES, ya fito ba. Masu sha'awa ne, da yawansu a Birazil da Indonesiya, suke ɗaukar tsohon wasa su sauya riguna da sunaye da fuskoki. Ni ban ga laifinsu ba, wasunsu ma sun fi na asalin daɗi, don tushensu na zamanin PES 6 ne, wanda har gobe ban ga ƙwallon da ta kai shi zama a hannu ba. Amma ka san abin da kake saya, kada a caje ka kuɗin sabo.

Manyan kamfanonin ma suna yin haka, da hatiminsu. In ka ga an rubuta Legacy Edition a kwalin FIFA, kamar FIFA 19 na PS3 ko FIFA 20 zuwa 23 na Switch, to ɗumamen bara ne aka zuba a sabon kwano: riguna da jerin ƴan wasa ne kawai suka canza. Mai na bara ba ya da dalilin sayen na bana.

Mataki na biyu: kalli wani yana bugawa a irin na'urarka

Shiga YouTube, rubuta sunan wasan, ka ɗora sunan na'urarka a gaba. Bidiyon kamfani, wanda ake yanka shi da kiɗa da walƙiya, tsallake shi. Nemi na wani mutum da ya zauna ya buga minti ashirin ko talatin ba yanka, ka ja zuwa tsakiya inda ake faɗa ko ake gudu da mota cikin gari. Ko ka rage ingancin hoton don tattalin mega, tsinkewa ba ta ɓuya. Duba kuma ranar da aka ɗora bidiyon, tun da wasa kan gyaru ko ya lalace bayan fitowa.

Akwai shafin Metacritic da ke tara makin masu sharhi bisa 100, kuma amfaninsa shi ne kowace na'ura da nata makin. Cyberpunk ɗin nan ya haura 80 a kwamfuta, a PS4 bai kai 60 ba. Masu Switch su fi kowa kula da wannan. WWE 2K18 ya zo musu yana rarrafe idan ƴan kokawa suka yi yawa a fili, Mortal Kombat 1 na 2023 kuma an sayar musu da shi dalar Amurka 70, daidai da na PS5, alhali fuskokin sun zama abin dariya a duniya.

Mataki na uku: tambayi nawa zai ci maka na intanet

Wannan masu sharhin Turai ba sa damuwa da shi, don ba forfe suke saye ba. Juya bayan kwalin ka karanta ƙananan rubutun. Idan an ce dole sai da intanet, ko sai an sauke wani abu, tsaya ka yi lissafi. Faifan Call of Duty: Modern Warfare II na 2022 abin da ke kansa bai kai mega 100 ba, sauran giga barkatai sai ka sauke da kanka. Akwai kuma waɗanda ransu ke hannun kamfani gaba ɗaya. The Crew, wasan mota na 2014, an rufe masa hanya a ƙarshen Maris na 2024, faifan ya zama ba ya aikin komai. Har yanzu ana iya samun sa cikin tarin tsofaffin faifai, kuma mai sayarwa ba lallai ya sani ba.

Na kyauta ma yana da tsada. Da Konami ta kashe sunan PES ta fito da eFootball 2022 a ƙarshen Satumba na 2021, ba a biyan ko dala, amma waɗanda suka kwana suna saukewa sun tarar da fuskoki a karkace, ƙungiyoyi ƴan kaɗan, babu Master League, wato sashen da kake riƙe ƙungiya kaka bayan kaka. Kamfanin da kansa ya ba da haƙuri. Kada ka yi rige-rigen ranar fitowa. Bari wata ɗaya ko biyu su wuce, masu gaggawa su ɗanɗana maka.

Mataki na huɗu: riƙe manet da hannunka

Ba a cinikin biri a sama. Kafin ka je shago, biya ta ɗakin wasa na unguwarku, ko a Birni kake ko Zango ko Garin Malam, ka biya kuɗin wasa ɗaya ko biyu in suna da shi. Ka tambayi mai ɗakin wanne yara suke nema, wanne kuma ya sa musu suka ƙi. Mutumin nan da wasa yake cin abinci, ba ya ajiye abin da ba ya kawo kuɗi.

A shago kuwa, ko a kasuwar Dole ko wajen masu zuba wasa a kile, ka ce cikin girmamawa: "Maigida, don Allah a sa min in gani." In ya ce ai sabo ne, kowa shi yake saye, ka ce: "Na yarda, Alaji, amma gani ya kori ji." Mai kaya na gari ba ya ƙin gwaji.

Juya faifan ka kai shi haske. Ƙarzuwar da ta miƙe daga tsakiya zuwa baki sau da yawa ba ta hana karatu, wadda ta bi zagayen faifan ita ce mugu. Da ya kunna, kada ka tsaya kallon bidiyon buɗewa. In ƙwallo ce, shiga wasa ka buga rabin lokaci cikakke, ka yi kwana, ka yi canjin ɗan wasa, ka bari a tafi hutu a dawo, domin faifan da aka yi wa kwaskwarima a irin waɗannan wurare yake sandarewa. Sannan ka buɗe Master League ka gwada ajiye wasa, wato adana inda ka tsaya. Danna maɓallin bugu ka lura: ƙafar ɗan wasa tana tashi tare da yatsanka, ko sai ta yi nawa? Duba harshe kuma. Wasan labari da ya zo da Japananci ko Rashanci zalla, komai kyansa, kwana biyu za ka ajiye.

Wani abu da ake yawan zaluntar wasa a kai: manet. In ɗan wasa yana tafiya shi kaɗai ba ka taɓa komai ba, sandar manet ce ta lalace, matsalar da ta yi suna a Joy-Con, wato manet ɗin Switch, har Nintendo ta riƙa gyarawa kyauta a wasu ƙasashe. Ƙurar hunturu da zafin bazara su ma suna sa na'ura ta yi ruri tana tsayawa. Sa a canza manet, a gwada wani faifan a na'urar, kafin ka yanke wa wasan hukunci.

Mataki na biyar: na hannu, ka ƙidaya da kanka

Ƙananan na'urorin nan da ake rubuta musu wasa 400 ko 9999 a ciki, gangara cikin jerin ka wuce na farko-farko. Za ka ga wasan tanka ɗaya ya dawo sau da yawa, an canza masa launi ko matakin farawa. In don yaro ne lokacin bakans, ba laifi, amma a kuɗin abin wasan yara. Gwada ajiye wasa, ka kashe, ka kunna, ka ga ko yana nan, saboda memorin da ke zuwa da su ba ya da tabbas.

PSP kuwa sanda ɗaya gare ta, babu maɓallan L2 da R2. Wasannin harbi da aka matso mata daga manyan na'urori suna wahalar juya kyamara. Waɗanda aka ƙera dominta, irin God of War: Chains of Olympus na 2008, su ne suke zama daram. Buɗe murfin baya ka duba batir, in ya kumbura a cire kuɗinsa a ciniki.

Mataki na shida: gama maganar mayarwa kafin ka miƙa kuɗi

Ku yi ta a gaban shaida: in ya ƙi aiki a gida zuwa gobe, za a canza maka wani. Kuɗi da wuya su dawo, amma musanya yawancin masu shago suna yarda, musamman in ka dawo da kwali da faifai yadda ka ɗauka. Masu saye ta intanet da asusun Faransa su sani cewa ƙa'idar Sony kwana 14 ce, kuma da zarar ka fara saukewa ka rasa damar, sai in wasan ne ya zo da lahani. In kuma ka riga ka saya, lafiyarsa lau amma bai kwanta maka ba, kai shi fada tun kwalin bai yi datti ba. Akwai wanda kokawa ta gundure shi yana neman mota, sai ku yi ban gishiri in ba ka manda.