Yadda za ka koya wa ɗaliban dizain su duba tsari gaba ɗaya

Malam, in ɗalibanka na dizain sun kai ajin ƙarshe a jami'a, don Allah kar ka fara da kwamfuta. Kwashe su da sassafe ku tafi kasuwar Mile 12 da ke Legas lokacin da tirelolin tumatir ke sauke kaya daga Arewa. Su tsaya su kalli kwandon nan da ake ɗora wani kan wani, na ƙasa duk ya matse ruwa na zuba, su tambayi 'yan dako ina yake ci musu wuya, su tambayi dillali nawa yake asara.

Da kun dawo kowa zai ce a yi akwatin roba, shi ke nan. Nan fa aikinka ya fara. Tambaye su, to wa zai mayar da akwatin Kano ba komai a ciki, wa zai biya kuɗin motar, wa zai wanke, in ya ɓace a hanya wa za a kama, kuma masu saƙa kwando ina za su sa kansu? Su zana tafiyar a allo tun daga gona har tukunyar mai abinci a Agege, da hannun duk wanda kuɗi ke bi.

Samfurin farko da kwali ko katako ya isa. Su mayar kasuwa ɗan dako ya ɗauka a ka, abin da ya faɗa ya shiga cikin maki, ni wallahi nakan ba shi kaso mai tsoka.